Wuyan Mai Laima

Nawaf ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun watan Rajab ɗin bara ban ƙara sa hannu a faranti ɗaya da shi ba. Umma tana ta faɗa wai na cika riƙo. To na cika. Duk wanda ya san Inna Ɗaso, ya kuma san abin da aka yi mata a kan hoton nan nata, ba zai ce na wuce gona da iri ba.

Inna Ɗaso ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Mutuniyar Maraɗi ce. Ta zo aikin Hajji da mijinta shekara arba'in da wani abu da suka wuce, rana ta buge shi a Mina ya rasu, ita kuma ta ƙi komawa, ta ce ba za ta tafi ta bar shi shi kaɗai ba. Fasfo ɗinta ya mutu a ƙasan akwati, iƙama kuwa, wato takardar zama, ba ta taɓa riƙewa ba. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, shi ya ba ta ɗakin da ke ƙarƙashin matakala a gidanmu na unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki. Mu 'yan ƙasa ne, kakanmu da ƙafa ya zo daga Kano, muna da takardunmu cif. Ita ba ta da komai sai hannunta.

Lalle take yi. Ba na jin akwai amaryar da aka kai daga layinmu ba da zanenta a hannu ba. Ba ta ɗora ledar nan mai ƙira da yara suke yi yanzu, ba ta kallon waya. Za ta kama wuyan hannunki, ta ce ki daina numfashi, ita ma ta ɗauke nata, ta ja layi ɗaya tun daga nan har kan yatsa, ba karkata ba kauri. In kuwa kika je wa wata aka yi miki, kika kuskura kika wuce ta ƙofar ɗakinta, kin shiga uku. Za ta juya hannun sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta ce, "Ɗiyata, kaza ce ta taka ki?" Lokacin Hajji kuma takan ajiye lallen ta tafi Arfa wankin tukwane da dafa wa alhazai shinkafa, ta dawo bayan kwana biyar ta yi baƙi ƙirin, muryarta a dishe.

Ɗakinta katifa ne da akwati da darduma, sai hoto ɗaya a bango, cikin firam mai gilashi. Wata likita 'yar Sham ce ta ba ta, wadda ta yi wa shara da wanke-wanke shekara shida. Ranar da likitar za ta koma ƙasarsu ta ce ta zaɓi abin da take so a gidan. Akwai firji, akwai keken ɗinki. Inna Ɗaso ta nuna hoton. Umma har yau ba ta daina mita a kan keken ɗinkin nan ba.

Ba hoton kyamara ba ne, zane ne da aka buga a takarda mai kauri, launinsa toka-toka da ruwan ƙasa. Wata mace ce a tsaye ta juya baya, doguwar baƙar riga a jikinta, hula a kanta, ta dogara da rufaffiyar laima, tana kallon hotunan da aka jera a bango. A gefe wata tana zaune da littafi, tana leƙe ta samansa. Likitar ta gaya mata wani Bafaranshe ne ya zana sama da shekara ɗari da suka wuce, cikin masu zanen nan da ba sa ƙarasa layi, sai su bar komai dishi-dishi kamar abin da ka hango a tsakar rana. Matar da ke tsaye ita ma mai zane ce, ta je mathaf, gidan da ake ajiye zane-zane, don ta ga aikin wasu.

Wannan maganar ce ta kama Inna Ɗaso. Ta sa wa matar suna Mai Laima. Ina ƙarama takan zaunar da ni ta ce, "Mas'uda, dubi tsayuwarta. Wagga ba kallo ta zo ba. Tana duba inda hannunsu ya yi rawa." Sai ta ƙyalƙyale da dariya. In ta sallame salla, kafin ta naɗe darduma, sai ta juya ta dube ta.

A lokacin, hoton mai rai a bango ba ƙaramar magana ba ce. Baba ya shiga ɗakin sau ɗaya, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce tunda ba fuska a bar mata kayanta. Amma a makaranta wani abu ake koya mana. Duk hoton mai rai da ke cikin littafi, mutum ne ko raƙumi ko zakara, sai mu ja masa layi a wuya, a raba kai da gangar jiki, wai ya tashi daga mai rai. Ni ma na ja, ba zan yi ƙarya ba. Amma Nawaf abin ya zame masa sana'a. Yana shekara goma sha uku ba gwangwanin madarar da ya tsira a gidanmu, duk jaririn da ke jiki ya yanka shi.

A Hajjin shekarar, Inna Ɗaso tana Arfa tana fama da tukwane, ya ɗauki makullinta a ƙusar da take ratayewa. Na same shi yana mayar da ƙananan ƙusoshin bayan firam ɗin. Ya riga ya gama. Baƙin alƙalami mai kauri ya sa a wuyan Mai Laima, ya ja daga dama ya gangaro hagu, layin ya karkace ya zarce har kan kafaɗa, don Nawaf bahago ne, kuma sauri yake. Na ce me ka yi? Ya ce lada ya samu, ita ma ya cece ta daga wuta. Na kwaɗa masa mari, kuma ban taɓa nadamar marin nan ba.

Da ta dawo, da jakarta a kafaɗa ta zauna bakin katifa. Ba ta tambayi wa ya yi ba. Matar da ta shekara tana karanta layi a hannun mutane ai ba sai an gaya mata ba. Da Baba ya ji, da Nawaf ya kwana uku bai zauna ba. Ba don hoton ba, don ya buɗe ɗakin mace ba ta nan, ya taɓa abin da ba nasa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Kada ki hwaɗi ma kowa. Yaro ne."

Ta roƙi ɗan baƙin fenti a murfin kwalba wajen wani mai fentin ƙofofi. Ta zare gilashin, ta kifa shi, ta ɗauki tsinke. Kwana uku tana abu ɗaya. A cikin gilashin, daidai wuyan matar, ta zana siririn gyale, ya zagaye wuyan, jelarsa ta sauko kan kafaɗa inda layin ya zarce. Ba ta ƙarasa bakinsa ba, ta bar shi dishi-dishi irin na Bafaranshen. Da ta mayar da gilashin, wallahi ko shi ya tashi daga kabari sai ya yi tunani kafin ya ce ba nasa ba ne. Baba ya rasu bai sani ba. Umma ba ta sani ba. Shekara ashirin da biyu gyalen nan yana rufe da aikin Nawaf.

Sai zamani ya juya. Abin da ake ɓoyewa jiya ya zama abin tinƙaho. Nawaf ya je karatu waje ya dawo da tabarau wanda ba magani a ciki, da ɗan gemu kamar an ɗiga, ya ce shi yanzu fannan ne, wato mai fasaha. Mutumin da ya yanka jariran gwangwani! Hausa ma ya ce ta yi masa nauyi a baki, sai in yana son Umma ta dafa masa wani abu. Ban taɓa ganin ya zana ko da kofi ba. Aikinsa shi ne ya tsinto tsohon takalmi ko ƙofar da aka yar, ya kafa a bango, ya rubuta dogon bayani a ƙasa.

Wata Juma'a ya sauko daga gaishe da Umma, sai na ga ya ƙwanƙwasa ƙofar Inna Ɗaso, abin da ya shekara goma bai yi ba. Har da durƙusawa. "Ya hala," in ji shi, wato inna da Larabci, haka yake kiranta, "aron hoton nan nake so, sati biyu bas, ba ƙari. Za a yi baje kolin zane, manyan mutane za su zo."

Na so in ce kada ta bayar. Amma da kun ga fuskarta, ku ma da kun yi shiru. Mai Laima za ta je mathaf na gaske! Ta sauke ta da kanta, ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta naɗe a zani biyu. Ta ce masa, "Ka yi hankali da gilashin, Nawaf. Ka ji ko? Gilashin." Ya ce in sha Allahu. Sharaɗinta ɗaya ne, a kai ta ta gan ta a can, a dawo mata da ita yadda take.

Ku sani, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenta. Matar da ba takarda duk inda ta hango mai kaki sai ta canza hanya. Shekara arba'in ba ta taɓa shiga wurin da mai gadi yake tsaye a ƙofa ba. Amma ranar, tun azahar ta shirya. Sabuwar abaya, turare, 'yar jakarta da ba ta rabuwa da ita, da farar laimar alhazai da take dogarawa saboda gwiwa. Bayan la'asar na sa ta a mota. Duk hanya bakinta yana motsi da addu'a, a ƙofar wurin kuwa ta riƙe hannuna har ya yi zafi. Mai gadin ko kallonmu bai yi ba.

Babban zaure ne a saman wani bene, sanyi kamar cikin firji, ƙamshin turaren wuta da gahawa. Mutane suna yawo a hankali suna gyaɗa kai a gaban abubuwan da na tabbata ba su gane ba. Can ƙarshe, a bango guda ita kaɗai, da fitila a samanta, ga Mai Laima. Ba firam. Ba gilashi. An kafe takardar da ƙananan allurai huɗu, baƙin layin nan a fili, karkatacce, kamar jiya aka ja shi.

Inna Ɗaso ta tsaya cak. Ni kuwa idona ya sauka a kan 'yar takardar da aka manna a gefe, da sunan Nawaf a sama da manyan baƙaƙe. Na karanta a zuci.

"Mi aka rubuta?" in ji ta.

Na yi niyyar ƙarya. Na buɗe baki in ce sunan Bafaranshen ne kawai. Amma ni ma na gaji da rufa wa yaron nan asiri. Na karanta mata da Larabci, na sake maimaitawa da Hausa don kada kalma ɗaya ta ɓace. An rubuta cewa an samo hoton a ɗakin wata tsohuwa 'yar Afirka wadda ba ta yi karatu ba, tsoron hoto ya sa ta yanka wuyansa da hannunta, kuma wannan shaida ce ta duhun da muka fito daga ciki.

Ta matsa kusa da hoton har hancinta ya kusa taɓawa.

Sai ga Nawaf da ayarinsa, maza uku da wata budurwa mai suna Tahani, wadda ita ce mai kula da zauren. Yana tafe yana sa wa mutane hannu a 'yan takardun bajen. Da ya gan mu fuskarsa ta sauya, amma ya daure ya ce, "Ahlan ya hajja," kamar wata baƙuwa ce da ta ɓata hanya. Matar da ta wanke masa kashi!

"Nawaf," in ji ta, "ina gilashina?"

"Ba'den ya hala, anjima, anjima."

"Ina gilashina?"

Ya rage murya, ya juyo Hausa don kada baƙinsa su ji. "Datti ne a jiki, wani baƙin fenti. Masu haɗa wurin sun yar. Zan sayo miki sabo, ba mushkila."

Datti. Na rantse da Allah da ba don tana tsaye a wurin ba, da na cire takalmina. Kuma ya sani. Shi ya buɗe bayan firam ɗin da hannunsa karo na biyu, ya ga abin da ke cikin gilashin, ya san wa ya zana, ya san don wa aka zana.

Inna Ɗaso ta juya wajen Tahani. Da Larabcinta na Mansur, mai karyayyen ƙashi amma kowa yana ganewa, ta ce, "Ni ce tsohuwar da aka rubuta."

Mai gadi yana nan taku goma daga inda muke, ga mutane sun fara juyowa. Matar da ta shekara arba'in ba ta ɗaga murya a titi ba, yau ita ce take nuna kanta a tsakiyar taro. Na taɓa gwiwar hannunta, ta ture ni.

"Ba ni hannunki, ɗiyata."

Tahani ta dubi Nawaf, ta dube ta, ta miƙa. Inna Ɗaso ta ba ni laimar, ta buɗe jaka ta fito da ƙullin lallenta, ta ciji bakinsa. Ta ce wa yarinyar ta daina numfashi. Ta ja layi ɗaya ya zagaye wuyan hannun, siriri kamar zare, ƙarshensa ya dawo ya haɗu da farkonsa, ba ka iya cewa ga inda ta fara.

"Shekarata saba'in da ɗaya," in ji ta. "Wanga shi ne layina. Yanzu dubi wancan. Daga dama ya taso ya gangara hagu, ya yi rawa sau biyu, ya zarce kafaɗa. Hannun bahago ne, kuma yaro, kuma yana sauri kada a kama shi. Ni ban yi karatu ba, gaskiya ne. Amma kada a ɗora mini wanga ƙazamin layi."

Ba ta kira sunan kowa ba, ba ta ko kalle shi ba. Mutane ne da kansu suka kai ido kan alƙalamin da ke hannun Nawaf na hagu. Ya yi sauri ya cusa shi a aljihu, wanda hakan ya fi komai muni. Ɗaya daga cikin mazan ya yi tari ya koma wajen gahawa. Tahani ta ɗaga hannunta sama kada lallen ya goge, ta sa farcen ɗaya hannun ta ɓamɓare takardar daga bango, ta ninke ta.

Na ɗauka za mu tafi. Ina! Inna Ɗaso ta karɓi laimarta, ta koma gaban hoton, ta dogara, ta ba kowa baya. Ta daɗe a haka. Wani ya ɗaga waya zai ɗauka, na sha gabansa na tsaya, na ce ya gwada ya gani. Daga nan ta bi zauren bango bango, duk abin da aka rataya sai ta matsa ta duba. A gaban wani babban zane ta taɓe baki ta ce, "Wanga hannunshi ya yi rawa." A gaban wani ƙarami kuma ta tsaya ta ce, "Wagga ta iya." Da na duba sunan, mace ce kuwa.

Washegari Nawaf ya kira ni yana huci, wai mun tozarta shi a gaban mutane. Wai fasaha ce, labari ne kawai, ba ita yake nufi ba. Sai ya ce, "Yo wa ma ya san ta?" Na kashe wayar, na je na wanke kunnena da hannuna kamar na taɓa najasa. Umma da ta ji komai ta yi kuka, sannan ta ce a yi haƙuri, ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Ita ta haife shi, ba zan hana ta ba.

Bayan sati biyu direba ya kawo hoton a cikin ambulan, shi bai zo ba. Na sayo gilashi daidai girmansa, da firam, da ɗan gwangwanin baƙin fenti, na kai mata. Na ce, "Inna, hannunki yana nan. Ki sake yi mata gyalenta."

Ta dubi fentin, ta mayar mini. "Shekara ashirin da biyu na rufa mishi, Mas'uda. Shi ya buɗe da hannunshi. Ba ni sake rufawa."

Ta sa hoton a firam ɗin ba gyale, ta ce in kawo guduma. Ba ɗakinta ta nufa ba. Ta hau matakala da ƙyar, tana dogara laima, har kwanar da kowa yake bi in zai hau wajen Umma. Nan ta sa na buga ƙusa, daidai tsayin idon namiji.

Nawaf ya zo Juma'ar da ta biyo baya, ya hau taku shida, ya tsaya, ya sauko. Tun daga ranar a mota yake zama ya kira Umma a waya, ita ta sauko ta same shi. Hoton yana nan, ni nake goge shi.

A ɗakin Inna Ɗaso kuwa ƙusar tana nan a bango, da ɗan farin wuri mai kusurwa huɗu inda fenti bai dushe ba. Jiya na shiga kai mata shayi ta sallame la'asar. Kafin ta naɗe darduma ta juya ta dubi wurin, sannan ta karɓi shayin.